Latsa Ɗaya, Latsa Biyu

Ƙarfe shida da kwata, na zuba miyar kabeji,
cokali bai kai baki ba, waya ta ɗau kuka.
Karo na huɗu ke nan tun safe.
Oktoba ce a Wisconsin:
ganye ya zube, 'yan takara sun tsiro
a ƙofar kowane gida, a kan kwali, haƙora waje.

"Ko Marlene Zastrow na kusa?"
Ba ta kusa, 'yata.
Shekara uku ke nan tana kwance bayan cocin kan tudu,
a takardunku ne kawai ba ta mutu ba.
"To, kai ma za ka yi. Minti biyu kacal."
Ni ma zan yi. Tayar safaya.

Na san tsawon minti biyunku,
shi ne miya ta huce, kitse ya yi mata murfi.

"In ka gamsu ƙwarai, ka ce ɗaya.
In kaɗan ka gamsu, biyu."
Ina lambar mutumin da ya ba kamfanin takarda
shekara talatin da ɗaya da kunnen hagu,
aka sallame shi da wasiƙa
wadda ko takardarta ba tamu ba ce?
Babu wannan a jerin, in ji ta.

"Za ka zaɓe shi ko da ka ji an ce ya taɓa..."
Dakata. Wannan ba tambaya ba ce,
gulma ce aka sa wa kwat.

Na gan su ai, duk biyun.
Na farko ya zo shagon kofin Arvid
da takalmin leburori da bai taɓa ganin taɓo ba,
rigar ma da karin ledar kanti a kafaɗa.
Ya damƙe hannuna da hannu biyu,
idonsa na bayan ƙeyata, wajen mai hoto.
Na ce Leonard. Ya ce, "Madalla, Larry."

Ta biyun gada ta yi mana alkawari.
Gadar nan mutum uku sun ci zaɓe a kanta,
ita ko fenti ba ta ci ba.
Tana rufe har yau. Zagaye mil goma sha ɗaya.
Na ƙirga su a bayan motar asibiti
ina riƙe da ƙafar Marlene, wani dare mai ƙanƙara.
Romon baka ba ya ɗaukar mota.

Sai na ce, ke fa, wa kika yarda da shi?
Shiru. Na ji tarin wasu muryoyi a bayanta,
kowa na roƙon minti biyun wani.
"Ba a bar mu mu faɗa ba.
Baba, in ba ka ƙarasa ba, ba a lissafa mini kiran."
Ashe ita ma lamba ce.

Na ƙarasa mata. Uku. Biyu. Ban sani ba. Uku.
Gobe a ce mutanen jiharmu sun yi magana.

Zan je dai ranar Talata,
zauren 'yan kwana-kwana, da sandata,
in cike ɗan da'irar da baƙin tawada,
ba don na gaskata kowa ba,
sai don in ban je ba, su za su faɗi abin da shiruna ke nufi.

Arvid ya ce in yanke layin in huta.
Ga ta nan ta sake ɗauka, bakwai saura.
Ba zan tashi ba. Ɗaya, biyu, uku, huɗu,
na'urar ta amsa da muryar da ban goge ba:
"Ba ma nan. Ku bar saƙo, za mu neme ku."

Duk kakar nan, ita kaɗai ta yi alkawarin da ba ta cika ba
ban ji haushi ba.