Igiyar Sista Nanret

Littafin awon Tabawa tela,
can bayan Taminus, ya fi madubi sanina.
Shekarar da na haifi Mudi: ƙugu talatin da ɗaya.
Bikin ƙanwata: talatin da biyar.
Sallar bara ta rubuta arba'in da biyu,
ta ce, "Ƙaro yadi, Hajiya, hutu ya karɓe ki."
Muka tafa.

A gidanmu ƙiba shaida ce
cewa tukunya ba ta kwana a kife.
Wadda ta faɗa ake ja ɗaki a tambaya, "Ke, lafiya?"

Jiri ne ya kai ni asibiti,
wanda ke ɗibata in na hau tudun Gangare.
Sista Nanret ta ɗora ni a sikeli,
allura ta yi rawa, ta tsaya.
Ta ce, "Wannan nauyi kawai ya sani,
bai san inda kitse ya yi masauki ba."

Sai ta jawo igiya, irin ta shanya,
daga diddigena zuwa tsakar kaina,
ta ninka ta biyu,
ta zagayo da ita ɗan sama da cibiya.
"Kar ki shanye ciki, Mama. Saki numfashi."
Na saki.
Baki da baki suka ƙi gaisawa,
tsakaninsu faɗin tafin hannu.

A wannan ratar, in ji ta,
hawan jini ke shimfiɗa tabarma,
ciwon suga ke sauke kaya.
Na tuna Inna,
da gyambon ƙafarta da ya ƙi kamewa,
da yadda muka rantse jifa ne.

Ban ce uffan ba.
Na roƙi igiyar, ta ba ni.

Yanzu tana rataye a ƙusar kalanda.
Lemon kwalba ya daina zuwa da azahar.
Soyayyen dankali sai Juma'a,
wani lokacin har da Lahadi, ba zan yi ƙarya ba.
Gwaten acca, kabejin Farin Gada,
da asuba in zura suwaita
in taka har gada in dawo
ana ce mini, "Ina motar, Hajiya?"

Jiya Tabawa ta ɗora tef, ta cire, ta sake ɗorawa.
Arba'in.
Ta dube ni ta saman tabarau:
"Wa ya taɓa ki?"

Na dawo gida na gwada igiya.
Saura yatsu uku.