Tsakanin Barci da Tafasa

Asubar Agusta a Tudun Wada,
yayyafi ya kwana a kan gilashi.
Na murɗa makulli, na taka totur har ƙasa
don layinmu ya san an yi mota.
Injin ya yi tari,
ya yi ƙarar cokali cikin tukunyar wofi.

Davou, bakaniken Farin Gada,
ya saurare ta ido a rufe, kamar mai ɗanɗana miya.
Ya zaro sandar mai, ya murza a yatsu biyu.
"Sagir, man nan da asuba zuma ce mai barci.
Kafin ya miƙe ya hau kan injin,
ƙarfe na cin ƙarfe gaya, ba mahaɗi.
Kai da ka farka, da gudu kake farawa?"

Ya ƙwanƙwasa allurar ruwa da farce.
"Wannan uwar gaggawa ce.
Minti biyar ta kai tsakiya, ta ce komai ya yi.
Rabin gaskiya take faɗa.
Ruwa ne ya ɗumama, mai yana can baya
yana neman takalminsa.
Ka lallaɓa, ka ninka masa lokacin,
sannan ka nemi ƙarfin da ka biya kuɗinsa."

Na ce to. To ɗin baki.

Sai ga Maris, daga Akwanga,
doya cike da but, mutum huɗu, rana a tsaka.
Gindin Hawan Kibo wata jar Golf ta gifta ni,
direban har da ɗaga hannu.
Na sauke giya ta uku.
Kwana ta farko na ci, ta biyu na ci,
a ta uku ƙafata na ƙasa
amma motar ta daina amsawa,
ta riƙe ƙarfinta kamar mai rowar gishiri.
Ashe kanta take karewa daga ni.
Man da ya yi kauri da asuba
yanzu ya tsinke, ya zama ruwan kanwa,
allura ta jingina da ja,
wani wari mai zaƙi ya shigo ta taga,
tururi ya tashi daga bonet.

Na kai hannu murfin lagireto.
Nanret, nas ce, tana kujerar baya,
ban san sanda ta fito ba, ta buge min hannu.
"Na sha wanke fuskoki irin taka.
Zauna."
Na zauna.
Minti arba'in a gefen dutse
muna ɓare ayabar da ba mu yi niyyar saye ba.
Jar Golf, ina jin, ta riga ta yi la'asar a Bukuru.

Davou bai ce ai na faɗa maka ba.
Ya buɗe murfin mai, ya nuna mini:
shayi mai madara.
Gaskit ya ƙone.
"Wa ya cire maka tamostat?"
Wani ne a tasha, ya ce kayan ƙasar Turawa ne.
"Shi ya sa take kwana da sanyi ta wuni da shi,
tana shan fetur kamar ana binta bashi.
Wa ya zuba ruwan rijiya?"
Ni ne.
Tsatsa ta toshe hanyoyin, shi ya sa ta tafasa.
Albashin wata biyu ya tafi a leda ɗaya.

Yanzu nakan fita a giya ta biyu,
in bar 'yan acaɓa su wuce ni.
Sai na kai Mararrabar Jama'a,
ruwa ya daidaita, mai ya farka,
iskar tudu mai sanyi na shiga mata huhu,
sannan in taka.
Ku zo ku ji yadda take amsawa
ba tari, ba gardama,
hanyar Riyom na naɗewa ƙarƙashin taya.

In na iso ba na kashe ta nan take.
Ina barin ta minti guda tana huci,
tafina a kan bonet,
har zafin ya sauka inda zan iya jurewa.