Kurangar Bakin Rijiya

Zabairu ya aiko hoto da asuba,
ina tsaye da almakashi a Wadi Liyya,
hazon Ɗa'ifa bai gama tashi daga dutse ba.
Ya ce, Kawu, dubi inda nake ƙwadago bana.

Na goge fuskar wayar da bakin riga.
Tudu ne aka yi wa kitso layi-layi,
kunya bayan kunya har ido ya gaji,
ga katangar dutse da ba ta wuce ƙugu ba,
ga wani tsohon gida mai hula mai tsini.
Burgonya, in ji shi, can cikin Faransa.
Wai masu zuhudun coci ne suka jera duwatsun
tun kakannin kakanni ba su zo duniya ba,
wai kowace gona da sunanta kamar ɗiya,
taku goma ne tsakaninta da maƙwabciyarta
amma kuɗinsu, na raƙumi da na akuya.

Na yi dariya ni kaɗai.
Yaro, ai wannan ba sai Bature ya faɗa mini ba.
Kurangar bakin rijiya zuma take haifa,
ƙanwarta ta jikin garu, uwa ɗaya, ruwa ɗaya,
sai ka runtse ido kafin ka haɗiye.
Shekara talatin da ɗaya ina tambayar ƙasa dalili,
ba ta taɓa tanka mini ba.

Kwana goma sha biyu zai yi da kwando a baya.
Ya ce matsewa suke, su ɗura a ganga,
su kai ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai sanyin kabari,
ya kwana, ya shekara, ya zama abin da ka sani.
Sai muryarsa ta yi ƙasa:
Kawu, kuɗin nan, in aika wa Inna Tasawa?

Na zauna kan kwali.
Ni ba malami ba ne, ɗan ƙanwata.
Namu, na kirki ya hau mota zuwa Makka,
wanda ya fashe ya sha rana a soro ya zama zabibi,
mai tsami a tulu, a bar shi ya zama khal.
Ban taɓa kwana da irin tambayarka ba,
don ba a taɓa ɗora mini ita ba.
Ka nemi mai ilimi ka tambaya.
Ka kuma ci abinci, na ga wuyanka ya rame.

Abin da ban gaya masa ba,
jan fenti ne a kan turaku huɗu
da ’ya’yan Ammu Dakhil suka kafa ranar Talata.
Tsohon bai cika wata biyar a ƙasa ba.
Rijiya ta ja baya gaba tara,
ruwan tanka ya fi inabin tsada,
sun ce gidan hutu za a gina, da wurin ajiye mota.
Ban ga laifinsu ba.
Na dai kasa kallon turakun.

Can katanga ta binne sarakuna tana tsaye,
nan tawa ba za ta ga baɗi ba.

Na tsinke nono na ƙarshe daga ta bakin rijiya,
na ci uku, na bar saura wa tsuntsaye.
In sanyi ya shigo, ganye ya zube,
zan yanki sanduna bakwai masu ido huɗu-huɗu,
in naɗe su a jiƙaƙƙen buhu.
Na san rairayin Tasawa, na san zafinta,
wataƙila ko ɗaya ba za ta tsira ba.

Na danna wayar na ce, Zabairu,
ka tallafi nonon ta ƙasa kafin ka yanke,
kada ka ja.
Sannan ka duƙa ka ɗebo mini ƙasar wurin a tafin hannu,
ka ɗauki hoto.
Ina so in ga launinta.