Mai Saurare a Ƙarƙashin Sebastofol

Ni ban ga yaƙin nan ba, jin sa na yi.
Wata bakwai ina cikin rami,
gaba goma ƙarƙashin ganuwa ta huɗu,
inda kyandir ke suma don rashin iska,
mu kuwa taurin kai ya hana mu.

Aikina kunne.
In ajiye ganga a ƙasa, in ɗora mata wake ƙwaya uku,
in kwanta rub da ciki.
Wake ya yi rawa, Faransawa na haƙa.
Ya tsaya cik, sun gama, suna jera albarushi.
Shirun ne ke tsinka hanji.

A sama, an ce, igwa ta rushe unguwar masunta,
an nutsar da jiragenmu da hannunmu don toshe mashiga.
Arkif ne ke sauko min da labari da baƙin burodi,
har ranar da burodin ya zo a hannun wani.
Ban tambaya ba.

Akwai wani mahaƙi a wancan ɓangaren.
Sara uku, ya huta, ya yi tari.
Sara uku, tari.
Na san shi fiye da yadda na san ɗana Yefim
da aka haifa bayan an ɗebe ni daga Tambof.

Ranar da aka ɗaga farin ƙyalle don kwashe gawa,
na fito, rana ta mare ni.
Tsakanin ramukan na ga wani ɗan tsamurmuri,
farin yumɓu a farcensa irin na farcena.
Ya miƙo min taba, na ba shi maɓallin rigata.
Bakinmu bai haɗu ba, muka yi dariya.
Sai ya juya, ya yi tari.

Da dare hafsa ya durƙuso kaina:
"Trofim, ta ina?"
Wake na rawa a gabansa, ina zan kai ƙarya?
Na nuna hagu. Taku tara.

Ƙasa ta yi gyatsa sau ɗaya.

Sun ba ni ƙarin kofin barasa, sun dafa kafaɗata.
Yau kwana shida ina manne da bango.
Wake na kwance,
ni kaɗai nake tari,
kuma duk sanda na yi sai in dakata,
ko za a amsa.