Ranar da Muka Tashi daga Fagge

Na ce su zo da an idar da asuba,
sai sha ɗaya saura suka iso,
rana ta riga ta cinye rabin tsakar gida.
Haladu ya diro daga bayan akori-kura,
gammo a hammata, tsumma a wuya,
ya ce, "Malam, taya ce ta yi mana faci a Kurna."
Ban yi musu ba.
Wa ke da yawun musu a tsakiyar bazara?

Su uku ne. Haladu ke yanke kuɗi.
Tasi'u siriri ne kamar sillen kara,
amma shi ya goya firji shi kaɗai,
ya tsallake kwata da shi yana fito.
Na ukun bai faɗi sunansa ba,
Bakatsine suke ce masa, yana amsawa.

Babu wuta tun shekaranjiya.
Fanka na rataye kamar an yi mata mutuwa.
Kwanon rufi na ƙara shi kaɗai, ƙas, ƙas,
ƙadangare ya bar katanga ya shige bayan turmi.
Uwale ta aiki yaro ya sayo ruwan leda,
kafin ya dawo daga bakin titi
ruwan ya isa a haɗa shayi.
Suka sha rabi, suka tsiyaya rabi a ka.

Sai aka zo kan sif.
Aka karkata ta, ta ƙi.
Aka kwantar da ita, ta ƙi.
Haladu ya auna ƙofa da taƙi, ya auna sif,
ya dube ni, zufa na ɗiga daga haɓarsa:
"Ta ina ta shigo?"

Nan na tuna, ai ba ta shigo ba.
A cikin ɗakin nan marigayi Mamuda kafinta ya haɗa ta,
shekarar da aka haifi Nafi'u,
lokacin da ko a mafarki ban zaci
mai gida zai sayar wa masu gina shaguna ba.

"Sai an kwance," in ji Haladu,
"kwancewa kuwa ba ta cikin ciniki."
Na ce dubu biyu. Ya ce albarka.
Muka ja, muka ja, har zafi ya raba gardama:
uku da rabi, da shinkafa da wake.

Da suka janye ta daga bango
sai ga shuɗin fentin farko, sabo fil,
shekara goma sha tara bai ga haske ba,
da silifas na yaro, ƙafar hagu,
wanda Nafi'u ya sha duka a kan ɓatansa.
Uwale ta ɗauka, ta kakkaɓe, ta sa a jaka.
Ba ta dubi kowa ba.

Azahar ta same mu a hanya,
kwalta na kama takalmi.
Dab da Kabuga mota ta yi tari, ta fesa tururi.
Muka sauka muka tura, har da ni,
ƙarfen bayanta na gasa tafin hannu.
Ɗan garuwa ya sayar mana jarka guda,
mota ta shanye tas,
mu huɗu muna kallo da busasshen maƙogwaro.
Bakatsine ya ce, "Ita ce Hajiya, ita za ta fara sha."
Ranar nan ban yi wata dariya ba sai wannan.

La'asar sakaliya muka sauke a Rijiyar Zaki.
Faranti biyu sun fashe, ban ambata ba.
Haladu ya ƙirga kuɗi sau biyu,
takardun suka jiƙe a hannunsa.
Ya ce, "Allah ya sa da rabo a gidan,"
suka hau, mota ta tashi da turi ɗaya.

Da dare na kunna fitila ina neman ƙusoshi,
sai na ga a jikin ƙofar sif
sawun kafaɗar Tasi'u,
zufa ta bushe ta bar farin gishiri.
Uwale ta miƙo tsumma.
Na ce bari sai gobe.