Makullin Cocin Gangare

A garinmu na kwal, can arewacin Ingila,
titi ɗaya ne, coci biyu.
Na tudu na masu kanti ne da akawun kamfani,
na gangare namu ne, 'ya'yan rami.
Duka Metodis muke, in ka tambaya,
amma kakata Keziah ta cika tamanin ta koma ga Mahalicci
ƙafarta ba ta taɓa tsallake dokin ƙofar na tudu ba.
Taku ɗari da goma ne tsakani. Na ƙirga.

Su suna da ogan mai bututun tagulla,
mu maƙogwaro kawai, shi ma kwal ya cinye rabinsa.
Su sukan ce amin a ciki, kamar mai haɗiyar magani,
mu sai tagogi sun amsa.
Masu ihu, haka suke kiranmu.
Mu kuma mu ce, ga masu sitaci sun fito.

A talatin da biyu labari ya zo daga Landan:
manya sun zauna, sun sa hannu,
reshe uku sun koma itace ɗaya.
Babana ya karanta, ya naɗe jaridar,
ya hura murhu da ita.
Ya ce takarda ba ta san hanyar garin nan ba.
Ran Lahadi kowa ya kama gabansa.
Mai wa'azi ɗaya, keke ɗaya,
safe a tudu, yamma a gangare,
huɗuba ɗaya ce, a hanya yake sake mata riga.

Shekara ashirin da tara muna haka.
Sai aka rufe ramin, samari suka bi jirgin ƙasa,
muka rage mu goma sha ɗaya, su goma sha huɗu.
Abin da ya gagari Landan, ruwan sama ya gama.
Bokiti bakwai tsakanin bencunanmu,
ɗigon rufi ya fi mu riƙe amo.

An yi zama uku.
Ko sau ɗaya ba a yi gardamar Allah ba.
Ta kofin shayi aka yi:
nasu mai bakin zinare, namu mai shuɗin zobe,
wanne za a jera a gaba?
Sai maganar bencin Enoch Tallentire,
inda ya sassaƙa sunan ɗansa
wanda rami ya haɗiye bai mayar ba.
Ya ce in benci bai tafi ba, shi ma yana nan.
Maza huɗu suka ɗauka, biyu namu, biyu nasu,
sau uku suna saukewa a hawan tudu, ana yayyafi.
A bakin ƙofa mai kanti Pybus ya tuɓe kwat ɗin Lahadi
ya goge sunan yaron har ya bushe.
Ni a lissafina, ranar aka sa hannu.

Lahadin farko muka zauna hagu, su dama,
tsakaninmu hanya kamar kogi.
Waƙa ɗaya, kalmomi ɗaya, ashe karin sauti biyu.
Ogan ya ja nasa, muka ja namu,
harshe da haƙori a baki ɗaya.
A baiti na uku wani ya sakar wa wani.
Har yau ban san ko waye ba,
kuma ba na son a gaya mini.

Yanzu tayoyin mota ake sayarwa a gangare.
Sun sake kwaɗo tuntuni,
amma makullin yana aljihuna, ya yi santsi.
Jikata ta ce, Kaka, wai me ya raba ku?
Na buɗe baki, amsar ta yi mini nisa.
Na nuna mata maƙabarta bayan gari,
inda masu ihu da masu sitaci
suka riga mu haɗewa
ba taro, ba takarda,
ba wanda ya tambayi launin kofin wani.