Kwanon Wake

'Yata Eloísa tana jin ɗinkin safa
yadda nake jin ƙusa a tafin ƙafa.
Shekararta biyar.
Biyu daga ciki na ɓatar ina cewa shagwaɓa ce.

Gidanmu na can ƙoli, kan tudun Valparaíso,
matakala ɗari da sha bakwai daga titi.
Ita ta ƙirga, ba ni ba.
In jirgin ruwa ya yi kuka a tasha
maƙwabta ko kai ba sa ɗagawa,
ita kuwa sai ƙarƙashin tebur,
gwiwa a haɓa, tafi a kunne,
zuciya na bugawa fat-fat kamar kifin da aka jefa kan katako.

Ranar Laraba muka gangara wurin Rayén.
Na zaci farar riga zan gani, da allura.
Sai ga lilo rataye a rufin ɗaki,
katifu, gangar roba, kwano cike da busasshen wake,
da wata mata ba takalmi, zaune dirshan a ƙasa.
Na ce a raina: ladan gyaran inji biyu ke nan
zan zubar a kan wasan yara.

Ba ta ce mata zo ba.
Ta binne ɗan kifin roba a cikin waken,
ta bar wutsiyar a waje,
ta juya tana naɗe tabarma.

Laraba ta farko, kallo.
Ta biyu, kallo, da kuka a hanyar gida.
Ta huɗu, da cokali.
Ta bakwai, ɗan yatsa guda, ta janye wuf,
ta goge a wandona har sau tara.

Rayén ta koya mata tura bango
kamar mai son faɗaɗa ɗakin,
da hura kumfar sabulu a hankali
don numfashi ya san hanyar fita.
Ni kuma ta koya mini juya safa bai-bai,
da yanke takardar wuyan riga,
da cewa, "saura minti biyar mu tashi,"
maimakon, "tashi!"

Wata rana ta turo kwanon gabana.
"Don Evaristo, kai ma."
Na yi dariya. Hannun nan da ke kwana cikin baƙin mai?
Na tsoma.
Tsigar jikina ta tashi yarr har ƙeya.
Na tuna rigar ulu da kakata ta saƙa,
da dukan da na sha don na ƙi sa ta,
da dalilin da har yau nake aske kaina da kaina.
Ban ce komai ba.
Rayén ma ba ta ce ba. Tsumma ta miƙo mini.

Daren sabuwar shekara duk garin na kan rufi,
ana jiran wutar da za a harba bisa teku.
Mu muna banɗaki, ɗakin da ba taga,
cikin busasshen baho,
da bargon nan mai nauyi da uwarta ta cusa wa shinkafa.
Ƙarar farko ta girgiza kofin buroshi.
Ta sandare.
Na jira ihun.

Sai ta dafa bango da tafi biyu, ta tura,
ta tura har kumatunta suka yi ja.
Ta huro iska, ba sabulu, ba kumfa.
Ta dube ni, ta ce, "Baba, kana rawar jiki."
Ta cire abin toshe kunnenta ɗaya
ta cusa mini a nawa.

Ba mu ga wutar ba.
An ce ta bana ta fi ta bara.

Laraba mai zuwa ta sake ƙin taɓa waken.
Rayén ta ce haka tafiyar take.
Mun hau matakala zuwa gida, tana ƙirgawa,
safarta a juye,
ni ma tawa.